Ɗakin ƴan kunkuru a hunturu: a sa musu gulob ko rana ta ishe su?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu kiwo ina neman shawara. Akwai ƴan kunkuru guda biyu a gidana, kowanne bai wuce tafin hannu ba, yayana ne ya kawo wa yara. To tunda sanyin nan ya fara shigowa na ga sun rage kuzari, da safe ba sa motsi sai rana ta take, ciyawar ma sama-sama suke ci. Ina da wani ɗan sito a gidan, ƙasa siminti sama kwano, shi nake so in gyara musu gefe guda. Babban yarona ya duba a waya ya ce wai sai an sa gulob iri biyu, na zafi da na wani haske daban, mu kuma nan ƙauye ne ta wajen Ringim wuta sai ta ga dama take zuwa. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Kawu Maigatari:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, yau kuma kunkuru ake ja wa wuta? Mu da muka tashi ana ajiye shi a gidajen iyayenmu ba wanda ya taɓa kunna masa ko aci-balbal. Ka sake shi a tsakar gida shi ya san inda zai tona raminsa ya shige. Dabbar dajinmu ce, ba daga Turai aka kawo ta ba.

Abba Ɗalibi:
Kawu ina wuni. Da girmamawa amma duk inda ka duba masu kiwonsa abu ɗaya suke faɗa, wajen shan ɗumi ya kai digiri 35 zuwa 38, ɗaya gefen ya tsaya kamar 25 zuwa 27, sannan fitilar UVB, wato mai kwaikwayon hasken rana, awa 12 kullum, in ba haka ba ƙashinsa laushi yake yi

Kawu Maigatari:
Lafiya lau ɗana. Su waye masu kiwon nasa?

Abba Ɗalibi:
Galibi ƴan Amurka da Ingila

Kawu Maigatari:
To ka gani. Mutanen da sai su yi wata ba su ga rana ba.

Hajiya Mai Kaji:
Hhhhh Kawu ka kashe bakin yaron nan

Dakta Hadejia:
Salam. Kawu da Abba kowa yana da gaskiya a wani gefe, amma kafin a je can, Baban Ummi ka juya ɗaya daga cikinsu ka duba min bayan cinyarsa, akwai wasu ƴan tsinaye kamar ƙaya guda biyu ko uku? Sannan kalar bayansa ruwan ƙasa ce mai haske kamar yashi, ko duhu ne da zane? Kuma in ka taɓa shi bayan ƙoƙon yana lanƙwasowa ya rufe ƙafafun baya?

Baban Ummi:
Dakta na duba yanzu. Akwai tsinayen ƙanana, kalar yashi ce, bayan kuma baya rufewa

Dakta Hadejia:
To babban irin ne kenan, na yankin Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal da Mali da Nijar da Chadi har Sudan da Habasha. A kunkurayen tudu na duniya shi ne na uku a girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi. Namiji yana haura kilo 70 kuma yana iya wuce shekara 70 a duniya, wato ba ɗakin bana kaɗai kake ginawa ba, wannan sai dai su Ummi su gada. Na tambaya ne saboda akwai ƙaramin iri mai rufe baya, shi inuwa da danshi yake so yana cin katantanwa da ƙwari, in ka yi masa tsarin wancan ka cuce shi.

Maganar Kawu gaskiya ce ga babba. Babban kunkuru in ya samu fili zai tona rami mai tsawon mita da yawa, can ciki ba zafin bazara ba sanyin hunturu kuma akwai ɗan danshi, ramin shi ne ɗakinsa. Matsalar ita ce naka jarirai ne, jikinsu ba ya riƙe ɗumi, kuma a tsakar gidan da aka daɓe ko aka yi siminti ina zai tona? Kunkuru ba ya samar da zafin jiki da kansa irin na akuya ko kaza, abin da ke kewaye da shi ne ke ɗumama shi, in ya yi sanyi ko abincin cikinsa ba ya narkewa, shi ya sa ka ga sun rage ci. A Disamba da Janairu dare a nan yana sauka digiri 12 ko 13, wani lokacin ƙasa da haka a ƙauye. Ƙarami ana so kada darensa ya sauka ƙasa da 20. Kuma irin nan ba ya baccin sanyi irin wanda na Turai suke yi, in ka ga ya kwanta shiru a hunturu wahala yake sha ba hutu ba.

Kawu Maigatari:
To a nan na yarda, ban san jarirai ba ne har haka. Su kam ko ɓera ma ya ishe su, balle shaho da hankaka.

Maman Khalifa:
Wlh maganar ɓera gaskiya ce, maƙociyata an wayi gari ɓera ya cinye wa nata ƙafar gaba, cikin kwali ta sa shi a kicin. Duk abin da za ka gina ka yi masa murfin raga

Abba Ɗalibi:
Dakta to maganar UVB fa? ai ba ka ce komai ba

Dakta Hadejia:
Ina zuwa Abba. Hasken yana da amfani, ba ƙarya suka yi ba. Shi ne yake sa fatar dabbar ta haɗa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke sa jiki ya ɗauki kalsiyam daga abinci. In babu sai ƙoƙon baya ya yi laushi ka danna ya lotsa, ƙafafu su kasa ɗaukarsa, muƙamuƙi ya lalace. Amma wannan hasken daga rana yake, gulob ɗin kwaikwayo ne aka yi wa waɗanda ba su da ita. Mu ko a tsakiyar hunturu da hazo ranar hantsi tana nan. Ka fito da su kullum in gari ya ɗumama, misalin ƙarfe goma zuwa sha biyu, ko awa ɗaya suka samu ya wadatar, ya fi duk wani gulob da za ka saya. Sharaɗi dai rana ta taɓa su kai tsaye. Ta bayan gilashin taga ba ta aiki don gilashi yana tare UVB ɗin, zafin kawai ke wucewa. Kuma duk inda ka ajiye su a rana rabin wajen ya zama inuwa, kada a sa su a roba ko bokiti a bari a rana, ƙaramin kunkuru cikin ɗan lokaci zafi ke kashe shi.

Abba Ɗalibi:
Amma in mutum yana da hali ya saya ai ba laifi ko

Injiniya Wudil:
Bari in shigo nan tunda an zo fagena. Abba laifin ba a sayen yake ba, a abin da za a sayar maka yake. Ka shiga kasuwa ka ce gulob ɗin UV sai a miƙo maka mai shuɗin haske na duba kuɗi ko na kama sauro, wani ma na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa zai ba ka, wannan na ƙarshen UVC ne yana ƙona ido da fata, mutum ma bai kamata ya kalle shi ba balle ɗan kunkuru. Na gaskiyar dogo ne siriri, ana rubuta 10% ko 12% a jikinsa, ana rataye shi kamar santimita 30 zuwa 45 daga bayan dabbar, kuma ko yana ci gaba da haske ƙarfinsa na UVB raguwa yake, wata 6 zuwa shekara sai an canza. Akwai wani mai haɗa zafi da UVB wuri ɗaya, shi kuma ba ya jure wutar da ke hawa tana sauka, in aka ɗauke aka dawo sai ya huce kafin ya sake kamawa. A ƙauye wannan asarar kuɗi ce kawai.

Baban Ummi:
Injiniya to na zafin fa? Ina da ƴar sola a gida, fanel biyu da batir ɗaya, muna kunna fitilu da cajin waya da fanka

Injiniya Wudil:
Batirin am nawa ne?

Baban Ummi:
100

Injiniya Wudil:
To mu yi lissafi. Bolt 12 sau am 100 ya ba ka 1200, wato wutar wat 1200 ta awa ɗaya, amma batir mai ruwa ko na jel in kana so ya daɗe rabi kawai ake sha, saura 600. Gulob mai wat 100 in ya kwana a kunne awa 10 ya sha 1000, ka ga tun kafin asuba inbata ta fara kuka, yara ba fitila, kuma a wata biyu ka kashe batirin da ya fi kunkurun tsada nesa ba kusa ba. Mai wat 40 zai iya, 400 kenan, shi ma sai in wajen ƙarami ne kuma a rufe. Sannan gulob ɗin LED da muke sawa yanzu ba ya ba da zafin da zai ɗumama komai, sai tsohon yayi mai zare a ciki, shi kuma nemansa ma aiki ne yanzu.

Ni shawarata ka manta da wuta da daddare. Jarka mai lita 20, a zuba ruwan zafi ba tafasasshe ba, wanda ya kai kamar digiri 60, a rufe sosai a naɗe da buhun algarara ko tsohon bargo. Kafin ruwan nan ya sauka zuwa 30 zafin da zai saki ya kai kusan 700 a irin wancan lissafin, wato ya fi abin da batirinka zai iya bayarwa, kuma a hankali yake sakinsa har safe. Itacen da aka dafa tuwon dare shi zai ɗumama ruwan.

Hajiya Mai Kaji:
Kai Injiniya Allah ya ƙara basira. Amma ni da na ce ya yi irin yadda muke wa ƴan tsaki, tukunyar ƙasa a huda ta a zuba garwashin gawayi a ajiye a tsakiya, mu a Dambatta da shi muke renon ɗari biyar ba wuta ba komai kuma suna tashi lafiya

Dakta Hadejia:
Hajiya a yi haƙuri, wannan kam ban goyi baya ba. Ɗakin kajinki babba ne da tagogi na raga iska na ratsawa, kuma akwai mai tashi cikin dare yana dubawa. Shi sito ne ƙarami za a rufe ƙofa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da kala, ita ce duk hunturu ake jin ta kashe mutane a cikin barci. Ga busasshiyar ciyawa a kusa, ga yara da za su riƙa leƙawa.

Hajiya Mai Kaji:
Ai ba cewa na yi ya toshe ko'ina ba Dakta, ana barin kafa. Shekara nawa muna yi

Dakta Hadejia:
In ya bar kafar da ta isa fitar da iskar to ɗumin ma ya bi ta nan ya fita. Ƴan tsaki ɗari biyar su da kansu suna ɗumama juna, waɗannan su biyu ne kuma jikinsu sanyi ne.

Hajiya Mai Kaji:
Toh shikenan, ni dai na faɗi abin da na sani. Jarkar ma in ta yi yoyo ai ta jiƙa su

Injiniya Wudil:
Wannan gaskiya ne Hajiya, shi ya sa za a ajiye ta a bayan ɗan shinge, bulo ɗaya a kwance tsakaninta da su, ba za su taɓa ta ba ba za su ture ta ba, kuma a duba murfin kullum

Magini Gaya:
Sallama. Na karanta daga sama. Ni abin da ya dame ni ba gulob ba ne, ɗakin ne kansa. Siminti a ƙasa kwano a sama shi ne mafi munin haɗi, da dare kwano na sakin ɗumi nan da nan simintin kuma ya ɗau sanyi ya riƙe, in Afrilu ta zo kuma ɗakin ya koma tanderu. Baban Ummi ba ka da ɗakin ƙasa a gidan, ko tsohon soro mai azara?

Baban Ummi:
Akwai na marigayiya kakarmu, ana ajiye buhunan gero a ciki

Magini Gaya:
Allah ya jiƙanta. To wannan ya fi siton sau goma. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana da yini ta riƙa sakinsa da dare, kowa ya san ɗakin ƙasa ya fi ɗumi a hunturu ya fi sanyi a bazara. Ka zaɓi kusurwar da rana ke duka da yamma, ta yamma ko ta kudu, ka guji ta arewa maso gabas don daga can iskar hunturu ke busowa. Ka ja bulo layi biyu a tsaye ka kewaye, tsawo ƙafa 6 faɗi ƙafa 3 ya ishe su na ɗan lokaci, ba sai ka sa siminti ba tunda za ka faɗaɗa. Ciki ka zuba ƙasa mai kauri kamar taƙi ɗaya. Sama firam na katako da raga mai ƙananan ido, da dare ka yafa buhu ko tsohuwar tabarma a kai ka bar gefe ɗaya a buɗe. Katakon kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Amma gero kam sai ka kwashe shi ko ka matsar, inda hatsi yake nan ɓera yake.

Abba Ɗalibi:
Ni na ga wasu a akwatin gilashi suke sawa irin na kifi, yana da kyau ana ganinsu

Magini Gaya:
Kyau ga mai kallo

Dakta Hadejia:
Akwatin gilashi kam a'a. Kunkuru bai san gilashi ba, duk abin da yake hangen bayansa zai yini yana tura shi yana son wucewa. Sannan ƙarami ne, zafi na cika shi gaba ɗaya ba gefen sanyi da dabbar za ta gudu. Asalin abin da ake nema kenan a kowane ɗaki, gefe ɗaya ɗumi gefe ɗaya sanyi-sanyi, shi ya zaɓa da kansa. Tayil ma haka, santsi ne, ƙafafun ƙarami suna baɗewa ya girma a karkace.

Ƙasar da Magini ya ce a zuba, kada ta zama yashi zalla. Na san yankinku rairayi ne ko'ina, amma in yana haɗiyar yashi tare da abinci yana toshe masa hanji, kuma yana shiga ido. Ka haɗa da ƙasar gona ko ta fadama wadda ba a zuba wa taki ko magani ba, ta yadda in ka dunƙula za ta ɗan kama. Abinci a kan faffaɗan dutse ko fasasshen kasko. Sai maɓoya, rabin tsohuwar tukunya a kife, ƙasar ƙarƙashinta a riƙa ɗan yayyafa mata ruwa, a gefen ɗumi ba gefen sanyi ba.

Kawu Maigatari:
Dakata Dakta. Ruwa kuma? Dabbar da ke rayuwa inda ake wata takwas ba ruwan sama? Mu mun san laima ce ke kashe shi.

Dakta Hadejia:
Laima da sanyi tare su ke kashe shi Kawu, nan ne za ka ga majina da kumfa a hanci yana buɗe baki yana numfashi. Laima da ɗumi kuwa ita ce rayuwar jaririn a daji, da damina suke ƙyanƙyashewa, suna cikin ciyawa da rami mai danshi. Iskar hunturu busar da su take yi. Waɗanda kake gani bayansu ya yi tudu-tudu maimakon sumul, yawanci a bushe aka rene su suna ƙanana. Shi ya sa ma ake so a riƙa sa su a ruwa mai ɗumi-ɗumi a faranti, iya haɓarsu, minti 15 zuwa 20 da hantsi, a nan suke sha su yi kashi. In ka ga farin abu ya fito tare da fitsari kada ka tsorata, in yana da laushi lafiya ne, in ya zama tsakuwa-tsakuwa to ruwa ya yi masa kaɗan.

Kawu Maigatari:
Ni dai tudun bayan nan abinci na sani yana kawo shi. Wanda ake ba tuwo da wake da ragowar shinkafa shi ke yin haka. Na gidan mahaifina ciyawa kawai yake ci bayansa sumul har ya bar hannunmu.

Dakta Hadejia:
Abincin ma yana ciki, ban musa ba. Amma na mahaifinku ai yana da raminsa.

Kawu Maigatari:
Yana da shi kam, har ƙarƙashin rumbu ya tona.

Maman Khalifa:
To me ake ba su tunda an ce banda tuwo? ni na ɗauka komai suke ci, har kankana na ga ana ba su

Dakta Hadejia:
Suna ci, amma ba duk abin da suka ci ne ke musu amfani ba. Cikinsu na ciyawa ne. Kiri-kiri, harkiya, burburwa, gude-gude, ƙananan a yanka musu. A ƙara da ganye irin su yaɗiya da ɗan zogale da ganyen kabewa. Kankana da mangwaro da tumatir sai jefi-jefi ko a bari gaba ɗaya, zaƙi na sa su zawo. Harawar wake da ta gyada kaɗan, ta yi musu ƙarfi. Banda tumfafiya da zaƙami da bini-da-zugu, kuma banda ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi. Ɓawon ƙwai a tafasa a shanya a daka ya yi laushi a riƙa barbaɗa kaɗan a abinci sau biyu a sati, shi ne kalsiyam ɗinsu.

Hajiya Mai Kaji:
Ɓawon ƙwai kam a zo a ɗiba kyauta hhh

Sani Mai Shago:
Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa. Halal ne ma a kama dabbar daji a kulle a ɗaki? Kuma na ji an ce gwamnati ta hana

Malam Na Kazaure:
Bangaren addini dai abin da malamai suka yi bayani shi ne wanda ya tsare dabba to ciyar da ita da shayar da ita sun hau kansa, hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ba sananne ne. In zai kula da su ba laifi, in ba zai iya ba to ya ba wanda zai iya. Abin da zan ƙara, masu ajiye shi da niyyar wai yana kare gida daga sammu ko maita, wannan a bari, ba shi da tushe.

Dakta Hadejia:
Na doka kuma, irin nan yana cikin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa a jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje don kasuwanci. Najeriya ma tana da dokarta ta kare irin waɗannan dabbobin tun 1985. A dajinmu yanzu da wuya ka gan shi, noma da kiwo sun cinye wajen, ragowar kuma an kwashe an sayar. Ni ba zan ce wa kowa ya je ya sayi wanda aka kamo ba, in ana saye ana ƙara kamowa. Amma waɗanda suka riga suka shigo hannu ƙanana haka, a kai su bayan gari a yar ba taimako ba ne, kare ko shaho ne zai ci.

Abba Ɗalibi:
Akwai wanda ya mutu a fadar Ogbomoso a 2019, wai shekararsa 344, irin wannan ne

Kawu Maigatari:
Wa ya ƙirga?

Abba Ɗalibi:
Hhhh masana ma sun ce da wuya ya kai haka Kawu

Admin:
Jama'a a dawo kan maganar ɗaki dan Allah, mai tambaya na jira

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Abin da na ɗauka, ɗakin ƙasa, bulo, ƙasa mai kauri, raga, jarka da dare, rana da hantsi. Saura ranar da hazo ya rufe gari ko in na tafi kasuwa ba mai fito da su, ko zan sa gulob ɗin da rana tunda lokacin sola na caji?

Injiniya Wudil:
Wannan kam zai yi, da rana fanel ne ke ɗauka ba batir ba. Mai wat 60 ya isa. Holdar ta zama ta tangaran ba ta roba ba don roba narkewa take, ka rataye da waya ko sarƙa daga azara kada ka dogara da igiyar wutar ta riƙe shi, ƙarƙashinsa dutse mai faɗi, ciyawa busasshiya nesa. Gefe ɗaya kawai, kada ka sa a tsakiya. Kuma ka sayi ma'aunin zafi, irin na ɗakin kaji mai batir, ba tsada. Ka ajiye shi a ƙasa daidai inda bayan kunkurun yake ba a jikin bango sama ba. Nisan gulob ɗin ma'aunin ne zai faɗa maka, in ya wuce 38 ka ɗaga in bai kai 33 ba ka sauke kaɗan. Tafin hannu ba ya auna wannan.

Dakta Hadejia:
Da dare kuma a kashe, suna bukatar duhu. Wanda ke da wuta tsayayya akwai wani na tangaran da ke ba da zafi ba haske, shi ake sawa da dare, amma shi ma wat ɗinsa ɗaya da gulob, batirinka ba zai ɗauka ba. Kada kuma a sa wani abin hawa kusa da gulob ɗin, in ya hau ya kife a ƙarƙashin zafi ba kowa shikenan.

Abu biyu da nake roƙon duk mai kunkuru a gidan nan. In mai allurar dabbobi ya zo yi wa awaki allurar tsutsa ta ivermectin kada a ce a haɗa da kunkuru, guba ce gare shi, tana shanye masa jiki ta kashe shi ko kaɗan aka yi. Na biyu masu huda gefen ƙoƙon baya su ɗaura igiya, ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai da jini da jijiya, yana jin zafi. Fenti ma a bari. Yara kuma su wanke hannu da sabulu in sun taɓa su, kashinsu na ɗauke da salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kuma farantinsu kada ya haɗu da kwanukan gida.

Maman Khalifa:
Innalillahi, hudawar nan kam ana yi sosai a garinmu, har zobe ake sa musu

Kawu Maigatari:
Ni har yanzu ina nan kan bakata, da zarar sanyi ya wuce a fito da su waje. Dabbar da aka rene a ɗaki ba ta ƙwari.

Dakta Hadejia:
A nan ba mu da saɓani Kawu. Daga ƙarshen Fabrairu ɗakin na kwana ne kawai saboda ɓera, sai kuma ranar ruwa mai ƙarfi da damina. In sun kai girman da shaho ba zai ɗauka ba su koma waje gaba ɗaya. Sai dai in duka biyun maza ne wata rana dole a raba su, suna faɗa ɗaya ya kifar da ɗaya. Yanzu ba za a gane ba sai sun girma, namiji ƙasan cikinsa na lotsawa ciki jelarsa ta fi tsawo.

Baban Ummi:
Magini in lokacin ya yi wajen na waje yaya zan yi shi? akwai fili bayan ɗakin ƙasan

Magini Gaya:
Kada ka haɗa shi da jikin ɗakin, in ya tona ƙarƙashin katangar ƙasa ruwan damina ya bi ramin katangar zama za ta yi. Ka ja baya kamar ƙafa 6, ka yi masa nasa shingen na bulo da siminti, tushe ya nitse ƙasa ƙafa 2 ko fiye, darni ko zana ba sa tare shi turewa yake ya wuce. Ɗan ɗakin kwanansa na tubali a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ƙofa ta kalli kudu, faɗinta ƙafa 3 tun yanzu don kar a zo ana fasawa. In ka tashi ka turo min hoton filin ta akwatin saƙona in ga inda ruwan gidan ke bi.